Kwana uku a kan maɓalli guda

Wallahi na gaji. Wani Alhaji mai shagon atamfa ya ba ni aikin shafin intanet, na ce bari in yi abin zamani, in gina shi da Web Components, wato kowane maɓalli da kowane katin kaya ya zama tubali mai zaman kansa. Yau kwana uku ina kan maɓallin "Saya yanzu". Maɓalli guda fa!

Da Sass nake rubuta adon shafi, da TypeScript kuma nake rubuta aikinsa, amma burauza, manhajar buɗe shafi, ba ta jin ko ɗaya, sai an bi da su ta injin da zai juya su zuwa CSS da JavaScript, yarukan da take ji. A shafin gargajiya wannan ba abin tayar da hankali ba ne: ka juya fayil, ka maƙala, ka tashi ka sha shayi. Amma shi tubalin nan zaune yake cikin Shadow DOM, katanga ce aka zagaye shi da ita, dokokin adon da ka rubuta a waje ba sa tsallakawa. Na tsara launuka tsaf a fayil guda, na juya, na buɗe shafi, sai ga maɓalli toka-toka yana kallona kamar ban taɓa komai ba.

To, a shigar da adon ciki mana. Nan ne ake yin ta. Lit, kayan aikin da nake gina tubalan da shi, so yake a rubuta CSS a cikin fayil ɗin JavaScript, inda idon Sass ba ya kaiwa. Dole ka nemo wani ƙarin kaya ka ɗora wa injin, ya juya Sass ɗin, ya mayar da shi zallar rubutu, ya cusa wa tubalin, kai kuma ka naɗe shi da wani abu wai shi unsafeCSS. Sunan kaɗai ya isa ya faɗar wa mutum da gaba. Sannan duk adon da tubalan suka yi tarayya a kai, kowannensu sai ya kwashi nasa kwafin. Tubali goma, kwafi goma, kuma masu sayen atamfar nan da wayoyi za su buɗe shafin, da datar da suke lallaɓawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, sunayen launukan da na ajiye a Sass ɓacewa suke da zarar an juya. Na CSS kuwa, masu farawa da karan ɗori biyu (--), su ne ke ratsa katangar salin-alin, ba inji ba kowa. Ashe na bar jaki ina dukan taiki.

TypeScript ma bai bar ni na sarara ba. Farashi ya ƙi sauyawa a kan kati, daga isha'i har tsakar dare ina lalube, ashe wani saiti ne, useDefineForClassFields, sai an kashe shi.

Su kuma masu koyarwa a bidiyo, Allah ya shirye su. Na bi wani tiryan-tiryan na sauke node-sass, injin juya Sass, ashe tun 2020 aka ce a rabu da shi a koma Dart Sass. Na koma, sai allo ya cika da gargaɗi cewa @import, umarnin jawo wani fayil cikin wani, shi ma an yi masa ritaya a 2024, sai dai @use. Kowane gyara sai an sake sauke tulin kaya, data na zuba kamar ruwa a kwando, ga shi an ɗauke wuta tun la'asar, janareta na shan mai da tsadar nan.

Ɗazu Alhaji ya kira. Na ce, "Ranka ya daɗe, saura ƙiris." Ya ce ba komai, amma ya yi shawara da Hajiya, koren nan bai yi musu ba, a mayar da shi ruwan goro.