Sarkin da Maroƙa Suka Ƙi Yi Wa Waƙa

Sarkin da zan ba ku labarinsa ba ya cikin tarihin kowace masarauta. Ni na ƙaga shi, saboda haka kada wani ya shiga neman lamiɗon garinsu a ciki.

Garinsa a bakin kogi yake, irin garuruwanmu na gaɓar kogin Logon a arewacin Kamaru. Duk shekara idan damina ta yi nisa, ruwa kan haura ya ci unguwannin kwari, ya narkar da ɗakunan laka, ya jiƙa rumbuna. Sarakunan da suka gabace shi suna da al'adarsu: sai ruwa ya gama ɓarna su fito bisa doki, a buɗe rumbun fada, a auna wa kowane gida dawa, maroƙa su yi ta zuba kirari. Ba mugaye ba ne, dawar nan ta ceci rayuka.

Shi kuwa da ya hau, tun cikin rani, lokacin da kogi ya janye har yara suna tsallakewa da ƙafa, ya sa aka yi shela kowane gida ya ba da mutum ɗaya da kwando da fartanya. Aka yi ta jibga ƙasa ana daɓewa, rana tana dukan kowa. Abincin masu aiki bai ɗora wa talaka ba, dawakin bargarsa ya sayar, ya bar guda. Da ganuwa ta iso inda ƙanensa ya gina gida a kan hanyar ruwa, fadawa suka ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan karkata ta mana." Ya ce, "A ba shi fili a tudu, a rushe wannan." Ƙanen bai sake taka fada ba. Damina ta zo, kogi ya cika ya batse, ya daki ganuwa ya wuce abinsa. Ko akuya ba a rasa ba. Tun da ba a yi asara ba, ba a yi rabo ba, tun da ba a yi rabo ba, maroƙa suka rataye gangunansu. A kasuwa aka soma cewa wannan sarki marowaci ne, banda wahala ba abin da ya tsinana mana.

To 'yan uwa, mutanen kasuwar nan mu ne, shi ya sa na ƙaga labarin. Mun saba auna shugaba da abin da hannunsa ya miƙo mana ido na ganin ido: buhun shinkafa, tabarma, katifa, gidan sauro. Masifar da ya tare tun ba ta iso ba, ba mu da mudun auna ta. Su ma masu mulki sun gane mu sarai. Wa zai ɓata kuɗi a kan aikin da idan ya yi kyau ba wanda zai lura?

Ku tuna 2012, lokacin da ruwa ya ci yankin Garwa da Mayo-Danay, aka yi ta fargabar madatsar Maga, wadda aka gina a 1979 don noman shinkafar SEMRY, kamfanin shinkafa na gwamnati, za ta ɓalle. Shugaba Paul Biya ya zo da kansa, ya yi alkawarin ganuwa mai hanya a kanta daga Gobo har Kusuri, kilomita 330. Gaskiya an yi gyaran madatsar da wani sashe na ganuwar Logon da kuɗin Bankin Duniya, ba zan hana wa mai haƙƙi haƙƙinsa ba. Amma a 2024 ruwa ya sake shiga Yagwa, ya tafi da gada, mutane suka koma kwale-kwale a cikin garinsu, samari suna cika buhuna da ƙasa cikin dare. Kayan agaji sun zo, an ɗauki hotuna. Tsakanin 2012 da 2024, sau nawa muka tayar da maganar ganuwa a watan Maris, lokacin da ƙura ce damuwarmu?

Na san abin da wasu za su ɗauka daga labarin, don na sha jin sa a majalisa: "Ka gani, mai ƙarfi muke buƙata, wanda ba ya shawara da kowa." A'a. Ku sake duba a kan wa ƙarfin ya fara sauka. Bargarsa da gidan ƙanensa. Wanda ya aiko da katafila ta share rumfunan masu tumatir da sunan gyaran gari, ya bar benen babban mutum zaune daram a bakin kogi, ba jikan sarkina ba ne, ko da kalmominsu sun zo ɗaya. Kowane azzalumi da sunan jama'a yake rantsuwa.

Maƙwabtanmu na Cadi sun ga wani salon abin. Da aka fara tura man Doba ta bututu zuwa Kribi a 2003, doka ta ce a riƙa ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin a ajiye wa 'ya'ya da jikoki. A ƙarshen 2005 aka gyara dokar, aka soke asusun, gwamnatin Idriss Déby ta ce buƙatun yau da tsaron ƙasa sun fi gaggawa. A 2008 Bankin Duniya ya janye daga shirin. Hujjar gwamnatin ba ta rasa tushe ba, lokacin 'yan tawaye suna ƙofa. Sai dai waɗanda aka yi wa ajiyar ba a haife su ba tukuna, balle su yi ƙara.

Ni dai roƙona ƙarami ne. Idan mai neman kujerar magajin gari ko ta majalisa ya zo unguwarku da buhuna, ku karɓa, yunwa ba ta da kunya. Amma kafin ya shiga mota, jauro ko lawan ko wata tsohuwa mai baki ta tambaye shi wace magudana zai yashe kafin ruwan farko, da wane kuɗi, kuma gidan wa ke kan hanyarta.