Kun kama direba, to ina zai zuba?

An kama direban tankar kwashe masai da ya juye ƙazanta a rafi, an tsugunar da shi an ɗauki hoto, bidiyo ya zaga gari. Madalla. Sai a kira makaɗa, rafi ya tsarkaka ke nan.

Ni tun jiya tambayata ɗaya ce: da bai juye a kwarin bayan kasuwa ba, ina kuka tanadar masa? Ku nuna min wurin da yatsa. Gari ya cika da masai da sokawe, kowa in nasa ya cika sai ya kira mota, amma ba fili ko taku goma da aka ware aka ce nan ne mazuba. To ya kai ina, ɗakin uwarsa?

Da safen nan na sauka kwarin da ƙafata. Yashi ya yi baƙi ƙirin, ƙudaje kamar an watsa gero, sai da na toshe hanci da hula. Ƙasa kaɗan wata baiwar Allah tana wanke alayyahu, yara biyu suna cika jarka. Na ce, "Baba, ba ki ga abin da ke sama ba?" Ta ce, "Ɗan nan, ai ruwa mai gudu ne."

Masu wannan magana a nan ma sun cika min shafi. Malam, ko a fiƙihu an ce in launi ko ɗanɗano ko wari ya canza, ruwa ya tashi daga tsarki. Je ka shaƙa ka dawo mu yi karatu. Kuma gudun nan ina ya nufa? Gongola. Daga can madatsar Dadin Kowa, wadda Gombe ke sha, ya wuce Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Na birni ana tace musu. Masunci da mai noman rani da ke bakin kogi, da tafin hannu suke kamfata. In amai da gudawa ya ɓarke, sai mu ce annoba ce daga Allah.

Masu cewa ba kuɗi, ku ajiye wannan. Ba injin Turai nake roƙo ba. Tafkuna uku ne a jere, nesa da rafi: na farko mai zurfi, ƙazanta ta kwanta a ƙasa, na biyu mai faɗi, na uku marar zurfi. Rana da gansakuka su yi makonni suna kashe ƙwayoyin cuta, ba wuta, ba janareta. Zafin nan da muke kuka da shi, shi ne ma'aikacin. Fili, shinge, maigadi. An samu filin shaguna, wannan ne ya gagara?

Tsakani da Allah, ni ma ba na fita. Bara da damina mota ta kwashe na gidanmu, na biya, na yi godiya, ban taɓa tambayar inda ta nufa ba. Wataƙila wannan kwarin ne. Abin ya tsaya min a rai.

Wai ni ina 'yan duba-gari suka shiga ne? Muna yara, in aka ce ga su a layi, kakarmu har bayan randa take sa mu goge, ta ɓoye tsohuwar kwatanniya a ƙarƙashin gado. Akwai wani dogo mai farar hula da tocila, har yau in na ga irin tafiyarsa sai gabana ya faɗi.