Shekarar 628: Faɗuwar Kisra da Sulhun Hudaibiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa Musulmi.

Duk wanda ya saba auna nasara da abin da ido yake gani, ya kamata ya tsaya ya yi nazarin shekarar 628 ta Miladiyya. Tun daga 602 Farisa da Rum suke gwabza yaƙi, kuma Farisawa ne suke da rinjaye: sun ƙwace Baitul Muƙaddas a 614, sun mamaye Masar, a 626 kuma rundunarsu ta kai gaɓar ruwan da ke fuskantar ganuwar Ƙusɗanɗiniya, babban birnin Rumawa. Rumawa suna cikin shan kashi Suratur Rum ta sauka a Makka, tana bayar da labarin cewa za su yi galaba cikin 'yan shekaru, maganar da mushirikai suka ɗauka abin dariya. A Disambar 627 Hiraƙlu, sarkin Rum, ya karya rundunar Farisa kusa da Ninawa, a ƙasar Iraƙi ta yau. A Fabrairun 628 manyan fadar Kisra, sarkin Farisa, suka haɗa baki da ɗansa Shiruwaihi, suka tuɓe shi, aka kashe shi. Ɗan ya nemi sulhu da Rumawa, amma shi ma bai cika shekara a gadon sarauta ba ajali ya riske shi.

A wannan shekarar dai, cikin watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya fito da sahabbai kimanin 1,400 da niyyar Umara, Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Sharuɗɗan da Suhailu bin Amr ya zo da su masu ɗaci ne: a koma Madina bana ba tare da ɗawafi ba, a ajiye makami shekara 10, kuma duk wanda ya gudo daga Makka ba da izinin waliyyinsa ba a mayar da shi. Abu Jandal, ɗan Suhailu da ya musulunta, ya iso cikin mari yana neman ceto, aka mayar da shi a gaban idon kowa, har Sayyidina Umar, duk da ƙarfin imaninsa, ya kasa haƙuri ya yi tambaya. A hanyar komawa Allah ya saukar da Suratul Fathi, ya kira wannan sulhu buɗi bayyananne.

Mu ji tsoron Allah, mu daina gaggawar yanke hukunci a kan ƙaddara, mu daina kiran mai neman sulhu matsoraci, kamar yadda muke yawan yi ko a rigimar gado da ta filin gona. Abin da ya fi burge ni shi ne cika alkawari: sharaɗin ya yi wa Musulmi nauyi, amma ba su warware shi ba, abokan Ƙuraishawa ne suka fara keta shi. Zaman lafiyar ya ba mutane damar jin Alƙur'ani da kunnensu, a cikinsa Khalid bin Walid da Amr bin As suka musulunta, kuma a shekarar 630 Annabi (SAW) ya shiga Makka da mutum 10,000.