Matakala ma tana nuna wariya

Yawancin wariyar da ake yi wa masu buƙata ta musamman ba ta zuwa da zagi ko harara. Ba wanda zai tsaya a ƙofar ma'aikata ya ce wa mai keken guragu ya koma gida. Matakala ce kawai a gabansa, ga shi a bene ake tantance masu neman aiki. Kurma ya je asibiti, likita yana ta zuba bayani, babu mai fassara masa da hannu, ya fito da magani bai san sau nawa zai sha ba. Kowa ka tambaya a wurin zai rantse bai ƙi kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Shi ya sa nake ganin dokar da ta tsaya ga hana cin mutunci kaɗai rabin aiki ta yi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta kama bakin zaren: ta ce ƙin yi wa mutum gyaran da yake buƙata, matuƙar gyaran bai fi ƙarfin mai yi ba, shi ma wariya ne. Ke nan abin da a da ake yi don tausayi, in an ga dama, ya koma haƙƙin da za a iya nema a kotu.

Ba a sama aka tsinci wannan ba. A watan Maris na 1990, masu fafutuka a Amurka sun ajiye kekunansu suka hau matakalar majalisar dokoki da rarrafe, a watan Yuli kuma shugaba George Bush babba ya sa hannu kan dokarsu. Birtaniya ta yi tata a 1995. Najeriya sai Janairun 2019, da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, da kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika tun 2024, matakala kuwa tana nan inda take a ofisoshi da dama.

Masu ƙorafi kan tsada suna da abin faɗa, ban musa ba. Sai dai ba a ce mai ɗan kanti ya sa na'urar hawa bene ba. Sauko da tantancewar ƙasa, ƙara wa makaho lokaci a jarrabawa, zuba siminti a yi gangara a bakin ƙofa, nawa waɗannan za su ci? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta naƙasassu sun kai biliyan 1.3, kusan mutum ɗaya cikin shida, kuma tsufa ko haɗarin mota na iya shigar da kowa cikinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa. An bar wa wanda aka zalunta ɗawainiyar kai ƙara, alhali lauya sai da kuɗi, shari'a sai haƙuri, wani lokaci ma ita kanta kotun a bene take. Kamata ya yi hukumomin da aka kafa don naƙasassu su riƙa shigar da ƙara da kansu, masu ba da izinin gini kuma su ƙi sa hannu kan duk zanen da bai tanadi hanyar keke ba, tun kafin a aza tubalin farko.