Grande da gran: kuskuren da ƙamus yake jefa masu koyon Sifaniyanci

Masu koyon Sifaniyanci, ku daina haddace "grande" a matsayin "babba" kawai ku wuce. A ganina wannan haddar ce ke sa mutum ya yi niyyar yabo ya ɓuge da maganar ƙiba. Ma'anar kalmar tana rataye da wurin da aka ajiye ta a jimla, kuma ƙananan ƙamus ba sa bayyana haka.

Sifar ba ta bambanta namiji da mace: un coche grande (babbar mota), una casa grande (babban gida). Jam'inta grandes. Idan ta zo bayan suna kamar haka, girman jiki ake nufi, abin da za a iya aunawa. Idan kuwa ta gabaci suna tilo, sai ta yar da "de" ta koma gran, ma'anar kuma ta karkata zuwa daraja. Un hombre grande ƙaton mutum ne. Un gran hombre shi ne wanda mu muke kira babban mutum, ko da tsiriri ne kamar sanda. Haka una mujer grande da una gran mujer, idan mace ce. Ku lura da wannan na ƙarshe, domin nan mutane da yawa suke zamewa. Bueno (mai kyau) da malo (mummuna) suna gajarcewa su koma buen da mal a gaban namiji kaɗai, shi ya sa ake cewa un buen día amma una buena noche. Gran ba ruwanta da jinsi. Ƙa'idarta biyu ce: sunan ya zama tilo, kuma ya biyo bayanta. A jam'i ba a yanke komai, grandes hombres ake cewa. Idan más, kalmar fifiko, ta shiga gabanta, nan ma tana zama cikakkiya: el más grande escritor (marubuci mafi girma).

Sai dai ban yarda da malaman da ke koyar da "gaba daraja, baya girma" kamar doka marar togaciya ba. Gran tana ƙara wa suna nauyi ne, mai kyau ko mummuna. Un gran error babban kuskure ne, un gran mentiroso gawurtaccen maƙaryaci, babu yabo a ciki. Gran parte na nufin kaso mai yawa, una gran cantidad kuma adadi mai yawa. Sannan idan ɗan ƙwallo ya ci a minti na ƙarshe, 'yan kallo suka ce "¡Qué grande eres!", ba jikinsa suke aunawa ba, kirari suke masa.

Inda Bahaushe ya fi faɗawa rami shi ne shekaru, saboda "babba" a wurinmu ta haɗa jiki da shekaru da matsayi. Yaya a Sifaniyanci hermano mayor ne, ƙane kuma hermano menor. Más grande ta fi dacewa da abin da ake gwada girmansa, kamar ɗaki ko gona. Amma a Meziko da Ajantina za ka ji "ya está grande", wato ya manyanta ko ya girma, don haka kada ka yi saurin gyara wa mutumin can magana. Dogon mutum alto ne. Largo kuma tsawo take nufi, na hanya ko igiya ko gashi, duk da masu Turanci suna ɗaukarta girma saboda kamar da ta yi da kalmarsu "large".

A kasuwa abin da zai fi yi maka amfani shi ne me queda grande, wato rigar ko takalmin ya yi mini yawa. Ana aron wannan ga muƙami: el cargo le queda grande, kujerar ta fi ƙarfinsa. A lo grande kuwa biki ne na kece raini.

Furucin ma akwai abin lura. Idan b ko p ta biyo bayan gran, "n" ɗin tana fita kamar "m", yadda muke rubuta "gidan Bala" amma bakinmu ya ce "gidam Bala". Gran Bretaña, sunan Birtaniya, "gram bretanya" ake jin sa.

Sunaye kuwa sai hadda, ba a ƙirƙira su da ƙa'ida. Akwai tsibirin Gran Canaria, da titin Gran Vía a Madrid, da Gran Colombia, sunan da masana tarihi suka ba jamhuriyar Simón Bolívar a Kudancin Amurka, ta 1819 zuwa 1831. Grande de España sarauta ce ta manyan fadawan Sifaniya, a nan kalmar ta koma suna. Tsohon sarkin Rasha Peter, Pedro el Grande ake ce masa, amma Alexander, tsohon sarkin Makidoniya, an fi kiransa Alejandro Magno, da tsohuwar kalmar Latin. Kogin da ke iyakar Amurka da Meziko, Amurkawa ne ke ce masa Rio Grande. In ka duba taswirar da aka buga a Meziko, Río Bravo za ka tarar.