Karramawar ta dace, amma a saurari malamai

Na ji daɗin labarin karrama masu tsara manhajojin da ke haɗa malamai da azuzuwansu, domin ba a cika tunawa da masu wannan aiki ba. Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, abin da UNESCO ta ce ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6, manhajoji irin su Google Classroom da Moodle ne suka riƙe darussa a wuraren da ke da intanet.

Sai dai ina roƙon alƙalan irin wannan kyauta su riƙa jin ta bakin malamai kafin su yanke hukunci, domin manhajar da ta ɗora wa malami aikin cike bayanai har ta cinye lokacin duba rubutun ɗalibansa ba ta cancanci yabo ba. Rahoton 2020 na UNICEF da ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna cewa kashi 2 cikin 3 na yaran duniya da suka isa shiga makaranta ba su da intanet a gida, saboda haka a fifita manhajar da ke aiki a ƙaramar waya ko da babu intanet.