Ku daina ce wa yara babu lissafi a karatun tattalin arziki

Shawarar nan da ake ta yaɗawa tun jiya, wai duk ɗalibin da lissafi ya gagara ya nemi sashen tattalin arziki a jami'a domin can magana ce kawai, ta ɓata mini rai matuƙa, kuma abin da ya fi damuna shi ne yawan iyayen da na ga suna yi wa mai shawarar godiya. Wannan yaudara ce, kuma yaran da suka bi ta su ne za su ɗanɗana kuɗarta.

Digirin farko a wannan fanni a kan lissafi aka gina shi. A shekarar farko ana iya lallaɓawa da zanen yadda farashi ke hawa da sauka, amma daga nan sai aljabara da kalkulas da ƙididdiga su tare hanya, har a kai ga darasin ikonometiriks, inda ake ɗaukar alƙaluman gaske a gwada ko ƙara kuɗin ruwa yana rage hauhawar farashi, kuma da nawa yake ragewa. A nan ne yaron da aka ce masa ya tsere wa lissafi yake fara faɗuwa jarrabawa, ya ɗauka shi ne daƙiƙi, alhali ƙarya aka yi masa tun kafin ya cike fom.

Alfred Marshall, wanda ya kafa digirin tattalin arziki a Jami'ar Kambirij a 1903, lissafi ya karanta, haka ma ɗalibinsa John Maynard Keynes. Da aka fara ba da kyautar Nobel ta fannin a 1969, Ragnar Frisch da Jan Tinbergen aka ba, saboda amfani da lissafi wajen nazarin tattalin arziki.

Za a ce ai wane da hadda ya kammala. To, a miƙa masa alƙaluma a ce ya fassara su, sannan mu yi magana.

Ban ce kowa ya guji fannin ba. Ilimi ne mai daraja, wanda ke koya wa mutum auna abin da zai rasa a duk zaɓin da ya yi. A gaya wa yaro gaskiya, ya zauna ya gyara lissafinsa tun yana sakandare, sannan ya shigo da shirinsa.

Su ma jami'o'in da ke yaye ɗalibi bai taɓa buɗe shirin nazarin alƙaluma irin su Stata ko R a kwamfuta ba, suna koyar da ƙididdiga a kan allo kawai, ya kamata su sake duba manhajarsu.